Ƙwayoyi a Gwangwanin Turare

"Wanga kuma mine ne, amarya?"

Hanifa ta ɗago kai da sauri. Mansura ce tsaye a gaban madubi, ɗiyar gwaggon angonta Rabi'u, wadda ta shigo ɗakin da sunan neman turare. Gwangwanin turaren wuta na buɗe a hannunta, sai dai babu turare a ciki. Fararen ƙwayoyi ne ƙanana.

"Ajiye mini kayana... don Allah."

"Umma! Umma, zo ki gani!"

Tsakar gidan cike take da matan Argungu da suka kawo lefe Gwadangaji, ana ɗaga atamfa ana guɗa. Nan take guɗar ta tsaya. Mahaifiyar Mansura, Gwaggo Kulu, wadda ta raini Rabi'u tun rasuwar mahaifiyarsa, ta shigo ta karɓi gwangwanin, ta juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu.

"Ta hana haihuwa ce. Budurwa mi za ta yi da ita?"

"Wallahi ba ita ba ce!"

"To ta mi ce? Ina kwalinta?"

Hanifa ta dubi mahaifiyarta da ke bakin ƙofa.

Inna ta sunkuyar da kai.

Bara ne ciwon ya kama Hanifa. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi mata komai. Haka kawai abinci ya daina daɗi, tashi daga shimfiɗa ya zama kamar ɗaukar dutse, kuka ya riƙa zuwa ba dalili. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Maƙwabta suka ce aure take so, kamar ba su taɓa ganin matar aure tana kuka a bayan murhu ba. Wata ƙawarta ce ta ja ta asibiti, wajen Likita Rejoice, wadda ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ta sa mata ranakun zama su yi magana, ta haɗa mata da ƙwaya. Sannu a hankali Hanifa ta dawo, har ta yi wa Rabi'u dariyar da ta sa ya turo magabatansa.

Inna ce ta ɓare ƙwayoyin ta ƙona kwalin.

"In anka ji kina zuwa sashen masu taɓin hankali, ba ke kaɗai ba, ƙannenki ma ba mai aurensu. Kin san dangin miji da bincike."

Yanzu ga binciken ya zo har ɗaka.

"Ke nike tambaya!" in ji Gwaggo Kulu.

Bakin Hanifa ya buɗe, ya sake rufewa. Mazinaciya ko mahaukaciya... wane suna za ta zaɓa wa gidansu?



"Ku rufe akwatunanku," Gwaggo ta ce wa matan. "Mu koma inda munka hito."

Mansura ta aje murfin gwangwanin a kan madubi, a hankali, har da ɗan murmushi. Kowa a Argungu ya san tun tana ƙarama take kiran kanta matar Yaya Rabi'u.

A ranar Hanifa ta zubar da ƙwayoyin a kwata.

Jiri ya fara, barci ya gudu. Kafin wata ya ƙare, duhun nan da ta sani ya dawo ya zauna mata a ƙirji. Ba ta ɗaga wayar Rabi'u. Ba ta fita ko ƙofar gida.

Wata ranar Laraba da la'asar ya zo da kansa, kai tsaye daga fadamar Zauro inda yake noman shinkafa, taɓo har idon sawu. Ya zauna a zaure ya ce ba inda zai je sai ya gan ta.

Ta fito ta rakuɓe jikin bango, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Hanifa... kin rame."

Ta kau da kai.

"Sanyin idona, dube ni mana."

"Ka tafi ka auri Mansura, Yaya Rabi'u. Ita ba ta da abin ɓoyewa."

"Ni ban yarda da abin da sunka ce ba. Amma shirunki na kashe ni! Ki hwaɗi mini ko mine ne."

"In na faɗa za ka gudu."

"Gwada ni."

Hawaye suka zubo mata.

"Maganin damuwa ne... Ina ganin likitar ƙwaƙwalwa. Ni ce wadda ake cewa..."

Rabi'u ya dube ta. Ta ga tsoro ya ratsa fuskarsa, ta gani sarai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ban san komai kan ciwon ga ba," ya ce a ƙarshe. "Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, gabana ya hwaɗi. Kina shan maganin?"

"Na zubar."

"Saboda mu?"

Ta gyaɗa kai.

"To gobe ki kai ni wurin likitar. Ina da tambayoyi."

Likita Rejoice ba ta yi mata faɗa ba, abin da ya fi faɗa zafi.

"Hanifa, ba a yanke wannan magani rana ɗaya. In lokacin dainawa ya yi, ni da ke za mu rage shi a hankali."

Rabi'u ya gyara zama. "Likita, gafarta mini. Hauka ce?"

"A'a, ciwo ne, kuma ana samun sauƙinsa."

"Ƙwayar irin wadda samari ke sha su bugu ce?"

"Ba ta sa maye. Ba ta kuma aiki nan take, sai an yi makonni. A farkon nan ku sa mata ido sosai. In ta ce ta gaji da rayuwa, kada ku ce wasa take, ku kawo ta. Zaman maganar da muke yi kuwa, shi ma magani ne. Wasu shi kaɗai ke isarsu, ita tana bukatar duka biyun."

"Addu'a fa?"

"Wa ya hana ku? Kai da ke roƙon Allah albarkar shinkafa, ka daina zuba taki ne?"

Ya yi dariya. Hanifa ma, kaɗan.

Da ƙarfinta ya fara dawowa, ta sa hijabi ta ce za ta Argungu. Inna ta tare ƙofa.

"Ƙannenki fa?"

"Inna, yanzu ana ce musu ƙannen mazinaciya. Wannan ya fi?"

Inna ta tsaya kamar an dasa ta. Can ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

"Ni na ƙona kwalin. Mu tai tare."

Sun sami Gwaggo Kulu a tsakar gida tana gyaran busasshen kifi, Mansura na gefe. Hanifa ta durƙusa ta gaishe ta, ta aje kwalin maganin a kan tabarma, sunansa a sama. Ta faɗi komai.

"Kun ji ko!" Mansura ta tafa hannu. "Ashe ma mahaukaciya ce!"

"Rufe mini baki," in ji Gwaggo. Ba ta dubi kowa ba. "Na yi wa ɗiyar mutane ƙazafi gaban jama'a. Wanga nauyi nawa ne, zan bi gida gida in wanke ta." Ta ture tiren kifin. "Amma ciwon ga, ban ce hankalina ya kwanta da shi ba."

"Ni nawa ya kwanta, Gwaggo," Rabi'u ya ce daga bakin zaure. "Kuma ni zan zauna da ita."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Mansura ba ta zo ba. Gwaggo Kulu ta zo, fuska ba yabo ba fallasa.

Ranar da 'yan'uwa ke jere a ɗakin amarya, wata ta ga kwalin maganin a gaban madubi, ta yi saurin ɗauka za ta tura ƙarƙashin katifa.

Fuskar Hanifa ta yi zafi, tsohuwar kunyar ta taso mata. Ta haɗiye ta.

"Mayar da shi inda yake, Anti. Nan ne wurinsa."