Ɗakin da Ya Nemo wa Iya Barci

"Ka sakar mini ɗakinka na sama, Alhaji, ni kuma in ba ka wanda zai nemo wa Iya barci," in ji Injiniya Falmata.

Alhaji Tanimu ya dubi taswirar jirgin da ke tsaye a iska tsakaninsu, hoton haske ne kamar kifin da aka tsaga aka buɗe cikinsa. Suna ofishin tashar jiragen ruwa ta Sabuwar Baga, a bakin Tafkin Cadi, wanda tun da aka janyo masa ruwa daga kudu ya cika ya batse har ba a hango ɗaya gaɓar. Jirgin da za su shiga, Farar Giwa, gari ne guda: da kasuwarsa, da masallacinsa, da asibitinsa.

"Likitoci sun gaza, sai ɗaki?" ya ce.

"Ai ba magani yake bayarwa ba. Wuri yake nema."

Alhaji ya sha wuya kafin ya zaɓi ɗakin nan na sama. An gaya masa goshin jirgi ya cika rawa, bayansa ƙarar inji, tsakiyarsa ta ƙasa ba ta jijjiga amma ba a ganin sararin Allah. Matarsa Hansatu na son kusa da kasuwa. 'Yarsu Nasiba taga kawai take so. Shi kuwa shiru yake nema, don tafiyar ma dungurungum saboda mahaifiyarsa Iya Tabawa aka shirya ta. Tun da ya ɗauko ta daga tsohuwar unguwarsu ta Haɗeja ya kai ta sabon gidansa, mai bangon nan na zamani da ke haɗiye kowace ƙara, tsohuwa ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Ta rame, idanu sun faɗa. Likitan ƙarshe ya ce a canza mata iska, in ba haka ba zuciyarta ba za ta jure ba.

"To, in bai nemo ba fa?"

"Na mayar da ku sama, abincinku kuma a wuyanmu. Amma in ta yi barci, inda ɗakin ya tsaya nan za ku zauna har a dawo. Gwaji nake yi, ina son in ga ƙarshensa."

Alhaji ya yi lissafinsa irin na 'yan kasuwa. Duk injin da ke da hankali, ai wuri mafi shiru zai kai mai neman barci, wuri mafi shiru kuwa sama ne. Ko ta ina dai saman zai koma.

"Na sallama," ya ce.

Kewayau ake kiran ɗakin, kuma Falmata ce ta ƙera shi. Cikin Farar Giwa kamar saƙar zuma yake, gurbi-gurbi, da dogo irin na jirgin ƙasa shimfiɗe a tsakani. Sauran ɗakuna a kafe suke. Kewayau kuwa, da falonsa da ƙuryarsa da bayinsa, yana kan ƙafafun maganaɗisu, yana sulalewa daga gurbi zuwa gurbi a hankali, ko shayi ba ya zubewa. Mutum ɗaya yake bi. Ana sa wa mutumin munduwa mai sauraron bugun zuciya da numfashi, in ɗakin ya matsa wani wuri ya ji jiki ya saki, sai ya ƙara matsawa can. In ya ji jiki ya ɗaure, ya juya. Ba ya tambayar mutum abin da yake so, don Falmata ta ce baki ya iya kara, jiki kuwa bai iya ba.

"Yau kuma ni aka ɗaura wa ƙararrawa kamar akuya?" in ji Iya Tabawa da Nasiba ke sa mata munduwar.

"Don kada ki ɓace mana a kasuwa ne, ƙawata."

"Ja can, mai kan kwakwa."

Da jirgi ya tashi, Kewayau ya haura sama kai tsaye. Alhaji ya dubi Hansatu yana murmushi. Ga baranda, ga iska, ga tsibirai da fararen tsuntsaye, shiru kamar an ɗauke duniya. Iya na zaune bakin gado da carbinta, ido tar. Ba a jima ba sai hasken taga ya fara canzawa. Ɗaki ya kama gangara.

Nasiba ce ta zama mai ba da labari, tana bin ɗigon haske a taswirar bango. "Mun wuce asibiti. Baba, ga mu a bayan masallaci. Kai, mun tsaya!" Sun ɗan tsaya a hawan kasuwa, inda hayaniyar ciniki ke ratso bango. Iya ta yi hamma, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Hansatu ta fara murna za a zauna nan. Ina! Kewayau ya sake sulalewa, ya nausa ƙasa, ya kuma karkata baya.

Washegari da hantsi taga ta koma kore. Sun shiga ƙarƙashin ruwa. Wani giwan ruwa mai girman ɗan maraƙi ya zo ya leƙa su ya wuce. Nasiba ta manne da gilashi. Alhaji ya kira Falmata.

"Injiniya, abin nan naki ya haukace. Rami yake kai mu."

Ta zo da allonta na hannu, ta duba ta sake dubawa. "Lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Dubi nan. Duk lokacin da ya matsa baya, numfashin Iya sai ya ƙara daidaita. Dalili ne ban sani ba. Zafi take bi? Duhu? Ni ma so nake in gani." Ta juya wajen tsohuwa. "Iya, me kike ji?"

"Ba komai, 'yar nan. Duk inda kuka ajiye ni daidai ne."

Bayan azahar Kewayau ya shiga gurbin ƙarshe, wanda ko ma'aikata ba sa son kwana cikinsa, jikin bangon babban inji, ya tsaya cak. Daɓe na karkarwa. Kofuna na kaɗawa a faranti. Wani gurnani mai nauyi na shiga mutum ta tafin ƙafa ya fito ta haƙora. Hansatu ta dafe kai.

Iya Tabawa ta miƙe, ta ɗora tafin hannunta a bango kamar mai taɓa goshin jariri. Ta daɗe a haka. Sannan ta koma gado, ta jingina bayanta da bangon, ta ja mayafi. Kafin Alhaji ya gama faɗa wa Falmata, wadda ta sake leƙowa, cewa a fitar da su daga nan, sai suka ji minshari.

Carbi ya zame daga hannun Iya ya faɗi.

Akwai jan maɓalli a bakin ƙofa, wanda in an danna ɗaki zai koma inda aka fito. Falmata ta nuna masa shi da ido, ta ce a hankali ta yafe sharaɗin in ya ga ba za su iya ba. Alhaji ya dubi maɓallin, ya dubi uwarsa. Ya ce Hansatu da Nasiba su riƙa wuni a sama, shi zai zauna. Da ƙyar aka tashe ta sallar la'asar, ta idar ta koma.

Sai da ta rama bashin barcinta, fuska ta ciko, ta nemi tuwo da kanta, sannan ya tambaye ta.

"Iya, wai me ke cikin ƙarar nan?"

"Kai da aka goya ka a cikinta kake tambaya? Da me na ciyar da ku bayan rasuwar ubanku, in ba injin markaɗen nan na zaure ba? Ina jingine da shi nake gyangyaɗi, in ya canza murya in farka." Ta gyara zama. "A gidanka kuwa, Tanimu, in na kwanta har zuciyata nake ji tana bugawa. Sai in ga kamar an riga an rufe ni, mutane sun watse."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka gina gida saboda ni, in ce ba na so? Da wane bakin?"

Nan take ɗan kasuwa ya hango mafita. Ya ce zai sa Falmata ta naɗi ƙarar injin, a saka mata a bangon ɗakinta na gida, har da karkarwar daɓen. Falmata ta ce aikin wuni ɗaya ne.

Iya ta yi dariya har da tari. "Ƙarar da ba ta niƙa komai? Wannan da kuke ji, jirgi yake turawa, mutane yake kai wa inda za su. Nawa kuwa in ya tashi, na san ga mata nan tafe da robobin wake da tattasai, wata da gulma, wata da kuka. Shi ke sa ni barci. In mun sauka ka mayar da ni zaurena. Injin na nan wurin 'ya'yan ƙanwata, na san ba su sayar ba."

"Iya, a wannan zamanin? Mutane su ce me?"

"Su ce uwar Alhaji na barci."

Haka kuwa aka yi. Falmata ta ci riba, don kamfanin jirgin ya sa ta ƙera Kewayau da yawa, ko da yake sun sha mamaki da suka ga rabin ɗakunan tsofaffi na gangarowa gindin inji da bayan kasuwa suna cunkoso, saman da aka kashe wa dukiya ya zama fayau. Nasiba ta ci riba, ta ga kifayen da ƙawayenta ba su taɓa gani ba. Hansatu ta yi asarar hutunta, ta dawo da ciwon kai. Iya Tabawa ta samu barcinta, likita ya ce zuciya ta daidaita. Alhaji Tanimu kuwa ya tafi da uwa a gidansa ya dawo babu. Duk Juma'a yakan ajiye motarsa mai tashi a bakin unguwa ya taka zuwa zaure, ya tsaya bayan mata masu robobi har layi ya zo kansa, sannan ya durƙusa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya gaishe ta.