Mangwaron Selina

A gidan Malam Apollos da ke Luggere akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida, rassanta sun rufe rabin kwanon ɗakin mahaifiyarsa, Mama Fibi. Duk bazara takan yi 'ya'ya har rassan su sunkuya, amma ba mai tsinka. Sai su nuna, su faɗo, su ruɓe a ƙasa. Duk sa'ad da ɗaya ya bugi kwanon, Mama Fibi takan dakata da abin da take yi, ta ce a hankali, "Na ji ki."

Haka Kezia ta iske gidan. Apollos ya auro ta daga Ganye a shekarar da aka raba jihohi, bayan ya yi koyarwa a firamaren garinsu. Auren so ne, kuma ba wanda ya hana. Da ta tambaye shi zancen bishiyar, sai ya ce, "Mama ba ta so a taɓa," ya kau da kai.

Tun suna neman aure ya ba ta labarin wani abinci da yake kira afulsos. Marigayi mahaifinsa kuku ne a gidan wani Bature a Yola. Matar Baturen tana son dafaffen tuffa irin na ƙasarsu, ga shi tuffa ba ya fitowa a bakin Binuwai, sai tsohon ya riƙa yi mata da ɗanyen mangwaro. Kashi biyu yake rabawa: ɗaya da sukari, ɗaya da gurzajjiyar saiwar zogale mai yajin da ke hawa hanci, a ci da nama. Da tsohon ya rasu, Selina, ƙanwar Apollos, ta gaji yin sa duk lokacin Ista. Nan labarin yake tsayawa. Kezia ta san Selina ta rasu, ba ta san yadda aka yi ba.

Wata ranar Laraba iska ta kakkaɓo ɗanyun mangwaro cike da tsakar gida. Mama ta tafi zumuntar mata a coci. Kezia ta dube su, ta ce a ranta, ai ba tsinka na yi ba. Ta tuna yadda fuskar mijinta ke sakewa in yana wannan labari. Ta tsince su, ta fere, ta yanka, ta ɗora. Ta tono saiwar zogale a bayan gida.

Tana cikin juyawa ta ji an tsaya a bayanta. Mama Fibi ce, littafin waƙoƙinta a hannu, hancinta a buɗe, idanunta ba a kan Kezia suke ba, suna neman wata ne a kusurwoyin gidan.

"Wa ya ce ki kira ta?"

"Mama, sannu da dawowa. Faɗowa suka yi, na ce bari in..."

Sai idon tsohuwar ya sauka a kan ɓawon saiwar. Littafin ya suɓuce mata. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

"Ɗaya ya rage mini. Ɗaya. Shi ma kin zo ki ba shi?"

Da Apollos ya dawo daga makaranta, ko kekensa bai jingine ba Mama ta tare shi. Ta ce ko Kezia ta koma Ganye, ko ita ta bar gidan. Ta riga ta aika wa Kawu Zadok, ƙanin mahaifin Apollos, a Namtari, ya zo bayan Ista a yanke magana.

A ɗaki Apollos ya ƙarasa mata labarin. Selina ta yi afulsos ranar Ista, ta ci mai yajin har ta ƙara. Washegari ta tashi da ciwon kai, wuyanta ya sandare, kafin mako ya zagayo an binne ta. Likita ya ce sanƙarau ne, wanda ya kwashi mutane da dama a unguwar a wannan bazara. Mama ta ce saiwar ce.

"Laifina ne da ban gaya miki ba," in ji shi. "Zan nemi ɗaki a wata unguwa, mu tashi. Ba zan sake ki ba, Kezi, ko duk dangi sun taru."

Kezia tana kuka, amma ta girgiza kai. "Malam, in ka fita da ni, ka tabbatar mata da abin da take tsoro: na raba ta da ɗanta. Mu zauna."

Zaman bai yi sauƙi ba. Mama ta daina cin girkinta, ta haɗa nata murhun a ƙofar ɗaki. In Kezia ta gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Kezia ta ci gaba da ɗebo mata ruwa, da share mata ƙofa, da wanke mata zannuwa. Sannu a hankali tsoron ya kama ta ita ma. In tana shara a ƙarƙashin bishiyar, sai ta ji kamar ana kallonta daga cikin ganye. A ɗakin Mama akwai ɗankwalin Selina rataye a ƙusa, in iska ta shigo yakan motsa kamar an juyo da kai. Wata rana da tsakar rana, gida shiru, mangwaro ya bugi kwano, Kezia ta ji bakinta ya ce, "Yi haƙuri." Ta tsaya riƙe da tsintsiya.

Maƙwabciyarsu Yagana, 'yar Borno mai sayar da turaren wuta, ta leƙo ta katanga.

"Amarya, da wa kike magana? Ke ma kin shiga layin tsohuwa?"

"Iya Yagana, wace irin mutum ce Selina?"

"Selina? Wannan ɓarauniyar mangwaro? Tun bai ƙosa ba take hawa, ta ci da gishiri, ta jefe ni da ƙwallon. In da za ta leƙo yau ta ga yana ruɓewa a ƙasa, wallahi da ku za ta yi faɗa."

Kezia ta yi dariya, karon farko tun ranar Larabar nan.

Ana saura kwanaki kaɗan Kawu ya iso, zazzaɓi ya kwantar da Mama. Malamin asibiti ya duba ta, ya ce ba sanƙarau ba ne, amma maganin ba ya zama a cikin da babu abinci. Ta ƙi kunu, ta ƙi shayi, ta ƙi romon kifi. Idanunta suka faɗa. Kezia ce ke jiƙa tsumma tana goge mata goshi, tsohuwar ba ta da ƙarfin ture hannunta.

Da la'asar, Apollos yana makaranta, Mama ta buɗe ido ta dubi wajen ɗankwalin.

"Selina."

"Ni ce Kezia, Mama."

"Bakina ɗaci. Irin na babanku nake so."

Kezia ta gane afulsos take nufi. In ta yi, tsohuwar ta ci ta mutu, ba wanda zai sake sauraronta a wannan dangi, ko shi Apollos ba ta san da wane ido zai dube ta ba. In ta ƙi, ga mutum yana ƙarewa a gabanta. Ta durƙusa.

"Mama, dube ni da kyau. Kezia ce. In tsinko?"

Mama ta juyo daga wajen ɗankwalin, ta dube ta.

"Na san ko ke wace ce," in ji Mama. "Tsinko."

Kezia ta jawo murhu zuwa ƙofar ɗakin, don kome ya gudana a idon tsohuwar. Ta fere mangwaron, ta yanke tsokar daga ƙwallo, ta zuba ruwa.

"Ya yi yawa. Miya za ki yi? Rage."

Ta rage. Ta bar shi a wuta kaɗan har ya narke, ta tace a rariya da bayan ludayi, ta raba biyu. Ta zuba sukari a ɗaya.

"Kanumfari fa? Ƙwaya biyu, kada ki cika."

Da ta ɗauko saiwar, Mama ta yunƙura ta jingina da bango.

"Kankare ɓawon duka, sai kin ga fari tas. Kuma ba a zuba ta a kan wuta, yajin guduwa yake. Bari ya huce. Ranar nan ma a kan wuta na ga za ki zuba. Da ɓarna kawai za ki yi."

Kezia ta gurza saiwar, yajin ya cika mata ido, hawaye na zuba. Da ta ɗago, ta ga na Mama ma suna zuba, ita da take nesa da magurjin. Ta gauraya da gishiri da ruwan lemun tsami. Kafin a ce mata kome, ta ɗebi cokali cike na mai yajin ta haɗiye a gaban tsohuwar. Mama ta miƙa hannu kamar za ta hana, amma ta makara. Sannan ta karɓi mai zaƙin, ta ci cokali ɗaya, ta ci na biyu, ta nemi maganinta.

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba ta kira Kezia. Ta sa tafin hannu a goshinta, ta shafa ƙeyarta.

"Juya wuyanki. Ɗaya gefen. Sunkuya."

Kezia ta yi duka. Mama ta daɗe riƙe da ita, kafin ta ce, "Je ki ɗora wa mijinki nama. Ki ba shi mai yajin."

Da Kawu Zadok ya iso daga Namtari, ya zauna ya gyara murya don yin shari'a, sai Mama ta ce babu wata magana, ya ci abin da 'yarta ta dafa ya koma gonarsa. Apollos ya dubi matarsa.

Mai baƙin ciki yakan nemi abin da zai ɗora wa laifi, kuma sau da yawa wanda ke kusa shi ke ɗauka. Kezia ba ta yi gardama ba, ba ta janye mijinta ba, ba ta kuma yarda ta ari sunan matacciya don a so ta ba. Haƙurinta ya ba ta miji da uwa tare.

Suna zaune, mangwaro ya bugi kwano, ya gangaro. Kowa ya dubi tsohuwar. Mama Fibi ta ɗaga kai, ta daɗe tana duban ganyen.

"Kezia," ta ce, "ɗauko shi kafin akuyar Yagana ta riga ki."