Dabinon Kawu Usuman

"Ba zan sa hannu ba, Kawu."

Kawu Usuman ya sake turo mini takardar fitar da kaya daga sito. Katan arba'in na dabinon tsarabar alhazai, an cire ƙwallayen an cusa ƙwaya. Yaransa masu kiran kansu 'yan Meziko suna ta dariya.

"Mastura, iƙamarki, takardar zamanki a ƙasa mai tsarki, a hannuna take. Yalla, yi sauri!"

"Ban yi karatu don wannan ƙazanta ba. Halas, magana ta ƙare."

Bayan isha'i na fito a ƙasa, titin unguwar Khumra ba kowa. Wani mutum ya jero da ni, yana warin ruɓaɓɓen dabino. Ya naɗe wuyansa tamau da rawani, hannu ɗaya dafe da kansa kamar zai faɗi.

"Kin sa hannu?" Leɓɓansa ba su motsa ba. Daga cikin rawanin muryar ta fito.

"A'a."

"Ni na sa, ƙanwata."

Fitilar wata tirela ta haska fuskarsa. Yaya Nasir ne, wanda hukuma ta sare wa kai bara saboda irin wannan dabinon.

Kaina yana nan a wuyana. Amma aiki ya tafi, iƙama ta mutu, kuma wata bakwai ke nan dangi ba sa amsa sallamata.