Ma'aunin da Aka Bari Baki Buɗe

Ranar Litinin hazo ya taso daga tafki ya lulluɓe Thunder Bay, har rumbunan alkama na bakin ruwa suka zama kamar abin da mutum ya gani a barci. Insfekta Doreen Maki ba ta gama shan kofi ba aka kira ta. An fasa shagon ƙira na Madam Halvorsen, an ɗauke akwatin sandunan ƙarfe da aka fere wa injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa.

Ita Madam ta riga ta gama shari'a. Direbanta Desmond ne, in ji ta, tunda ya taɓa zama gidan yari kuma sakin talala aka yi masa. Ga shi can a kan benci, hula a hannu, ya san ko tuhuma kawai aka rubuta, ciki zai koma. Abin ya ƙona ran Doreen. Ta tsani a miƙo mata ɓarawo tun ba ta cire safar hannu ba.

Ta fara da tagar da aka fasa. Gilashin duk yana waje a kan ƙanƙara, ko ƙwaya babu a ciki. Ashe daga ciki aka doke ta.

Shagon shiru, sai warin mai da farin haske mai sanyi. Warin ya mayar da ita garejin babanta, tana ƙarama, yana feran ƙarfe yana waƙa ƙasa-ƙasa. Tana cikin wannan tunani idonta ya sauka a kan ma'aunin shagon, irin mai muƙamuƙi biyu da ake kira kalifa. Yana kwance a gidansa, an goge shi da mai, an bar bakinsa a ɗan buɗe.

Madam ta rantse ita ta riƙe shi ƙarshe ranar Juma'a, ta rufe bakinsa gam ta jefa kan tebur.

"Kai fa, Desmond?"

"Ni da ma'auni, ranki ya daɗe? Ko tayar mota da ƙafa nake gwadawa."

Doreen ta yi murmushi. Ta san tsofaffin maƙera ba sa ajiye kalifa baki rufe, don kada damshi ya kwanta tsakanin muƙamuƙan tsatsa ta ci su. Hannu ne ke yi, ba sai an tuna ba. Wane ɓarawo ne zai fasa taga, sannan ya tsaya lallashin ma'auni?

Tsohon maƙeri ɗaya ne a shagon, Baba Toivo, wanda ya fere sandunan. Ya ce shi tun Juma'a yana bukkarsa ta bakin tafki yana wankan tururi, bai leƙo gari ba. Yana magana yana kallon gefen fuskarta.

Doreen ta tsuguna ta laluba ƙarƙashin injin fera, ta zaro sanda guda da ta gangara can. Ta miƙa masa tare da ma'aunin.

"Baba, koya mini yadda ake karantawa."

Muryarsa ta yi laushi, kamar mai ba jikarsa labari. A kama ƙarfen a hankali, in ji shi, ba a matsa. A duba inda sifirin ƙaramin ma'auni mai zamewa ya tsaya a jikin babban, wannan shi ne lambar farko. Sai a bi ƙananan layukan ɗaya-ɗaya har a sami wanda ya haɗu da na sama ya zama layi guda. Kuma a kalla kai tsaye, don in ka karkata kai, layi zai yi maka ƙarya.

"To nawa ka gani?"

Nan take ya faɗi kaurin da masu tashar suka nema, ko ƙiftawa bai yi ba. Doreen ta karɓa ta ɗaga wajen haske. Layin da ya haɗu daban ne. Sandar ta gaza kauri da kamar gashin kai.

"Ba karantawa ka yi ba, Baba. Hadda ka kawo mini."

Wani jirgi ya yi kuka can cikin hazo. Sannan tsohon ya faɗi duka. Tun kaka layukan ke yi masa iyo a ido. Ranar Lahadi, ana coci, ya dawo shagon ɗauke da gilashin ƙara girma na matarsa, ya tarar duk sandunan sun sirance. Ga shi kuwa mutane ke tsayawa ƙarƙashin injin ɗaga kayan nan. Ya kai akwatin can ƙarshen gadar tashar ya sake shi cikin ruwa, ya fasa tagar.

"Da in ce na makance, gara a ce ɓarawo ne," ya ce. "Amma wallahi ban kawo Desmond a raina ba."

Tausayi ya kama Doreen, haushi kuma bai sake ta ba, don ai tun safe yana zaune yana ji ana kiran sunan Desmond. Ta ce ya tashi su tafi ofis.

A bakin ƙofa ya tsaya cak. Hazo da ƙanƙara sun haɗe fari fat, ƙafarsa tana neman matakala ta rasa. Desmond ya miƙe, ya sa hularsa, ya zo ya kama gwiwar hannunsa.

"Sauko, Baba," ya ce. "Akwai wata matakalar a ƙasa."