Rigar Da Ta Ƙi Shan Rini

Akwai halin da ban taɓa yi wa uzuri ba: mutum ya ari bakin wani ya yabi kansa a kan aikin da hannunsa bai yi ba. 'Yan mata, ku natsu ku ji yadda wannan hali ya yi da wata.

Mai Ƙyalle na durƙushe gaban tukunyar rini, hannayenta sun yi ruwan ƙasa, sai ga saurayinta Mai Hoto ya shigo shagon, ko jakarsa bai ajiye ba.

"Umma ta ce a'a."

Ba ta daina juya yadin ba.

"Ta faɗi dalili?"

"Ta ce... ba za ta haɗa zuri'a da mai tsince-tsince a bola ba."

Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa.

"Ai ba ta yi ƙarya duka ba. Kafin ƙyallayen su kai bola nake tare su."

"Zinariyata, ki bar wasa. Ni fa ba zan iya rabuwa da ke ba..."

"To ajiye jakar ka ɗauki hoton wannan launin, kafin ya wuce."

Sana'arta ke nan. Tana bin teloli ta kwashe ƙyallayen da za su zubar, ta karɓi tsofaffin labule da zannuwan gado, ta wanke, ta rina da ɓawon albasa da ganyen shayin da aka gama sha, ta ɗinka riguna. Mai Hoto ya ɗauke su hoto, ta sa a shafinta na intanet. Ba ta ɓoye komai. Takan nuna ruwan rinin da take zuba wa shukokinta maimakon kwata. A ƙarƙashin hoton kowace riga takan rubuta abin da yadin yake a da, ta ƙara da cewa launin zai ɗan koɗe in an sha wanki. Sau uku Mai Hoto ya roƙe ta ta cire wannan layin don yana korar masu saye, sau uku ta ƙi. A na ukun ne ya gane ya kamu da sonta.

Tana da 'yar kawu da ta girme ta da shekara biyu, ana ce mata 'Yar Gayu. Da ta ga ana yabon ƙanwarta, ita ma ta buɗe shago mai ƙofar gilashi, ta jera tukwanen furanni. Rigunan kamfani take sarowa dila-dila, ta yanke tambarin wuya, ta kwafe maganganun Mai Ƙyalle kalma da kalma: ba sinadari, ba ɓarna, muna ceton muhalli. Cikin wata huɗu mabiyanta suka ninka na mai aikin. Ita ce kuma ta riƙa zuwa gaida Umma, tana nuna mata waya, tana cewa aiki ɗaya suke yi, sai dai nata da tsafta. Umma ta fara yi wa ɗanta zancenta safe da yamma.

Mai Ƙyalle ta san duk wannan. Ta ci gaba da taka kekenta na ɗinki.

Sai masu bin shafin 'Yar Gayu suka fara tambaya, ina tukunyar rininki, ba mu taɓa gani ba. Ta sanar cewa ranar Asabar da hantsi za ta yi rini kai-tsaye kowa ya gani. Ta zo wurin Mai Ƙyalle aron tukunya da buhun ɓawon albasa, riƙe da farar rigar da za ta tsoma.

Mai Ƙyalle ta murza yadin tsakanin yatsunta. Ta zare zare ɗaya ta kanga masa ashana. Bai zama toka ba, narkewa ya yi ya dunƙule.

"Yaya, wannan yadin roba ne. Ba zai sha rinin albasa ba."

"Au, baƙin cikin ya fara?"

"Ga auduga nan, ɗauki tawa ki tsoma. Amma ki gaya musu gaskiyar sauran."

'Yar Gayu ta ce ba ta zo karatu ba, kuma ba za ta nuna tsumma a shafinta ba. Ta sa aka ɗora mata tukunyar a mota.

Ranar Asabar Umma na zaune a kujerar gaba, an gayyato ta ta ga surukar da ta dace. 'Yar Gayu ta sa safar hannu, ta yi jawabi mai tsawo a kan koguna da bishiyoyi, ta tsoma rigar. Aka jira. Ta ciro ta ɗauraye, launin ya bi ruwa, riga ta fito fara. Ta mayar, ta ƙara wuta, ta ƙara surutu. Rigar ta sake fitowa fara. Masu kallo suka cika shafin da tambaya, wata mai rini ta rubuta dalilin dalla-dalla.

Umma ta tashi ta ɗauki riga ɗaya daga cikin na sayarwa, ta juya wuyan, ta ga guntun tambarin da almakashi ya bari. Ta ajiye ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Bayan kwana uku ta sa ɗanta ya kai ta shagon Mai Ƙyalle, ɗauke da jakar rigunan marigayi mijinta. Ta daɗe tana kallon ƙyallayen da aka ninke launi-launi. Sannan ta tambaya ko za a iya yi mata mayafin gado da kayan, a rina su launi ɗaya.

Mai Ƙyalle ta durƙusa ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta ware biyu ta ce ba za su sha rini ba. Sauran za su yi, amma launin zai ɗan koɗe.

"Ko ni ba za ki yi wa daɗin baki ba?"

"Umma, in na yi miki yau, wankin farko zai tona ni."

Umma ta dubi ɗanta, wanda ya maƙale a bakin ƙofa.

"Kai kuma me ka tsaya yi? Je ka gaya wa baffanninka na amince."

Ya saki baki, sai da Mai Ƙyalle ta ce masa a hankali, "Rabin raina, rufe bakin, Umma na kallo."

An ɗaura aure kafin shekara ta fita, suna nan lafiya, shagon ya ƙara keke biyu.

'Yar Gayu kuwa, ga abin da ta rasa. Mabiyanta sun watse cikin mako guda, har ta rufe shafin. Shaguna biyu da ke karɓar kayanta sun dawo mata da su. Ƙofar gilashi ta koma hannun mai sayar da takalma. Mijin da ta yi wa zarya ya auri ƙanwarta. Kuma yanzu ko gaskiya ta faɗa a cikin dangi, sai an tambayi wani kafin a yarda.