Surukin da Bai Iya Ruwa Ba

Ranar da Dorra ta fara ganinsa tana can ƙasan kwamin iyo na unguwarsu, riƙe da tsintsiya tana tattara ganye. Kwamin ya bushe tun tana firamare, amma kullum sai ta share shi, don ba ta da abokin hira. Mamanta ta rasu, ƙawayenta sun yi aure sun bar garinsu Binzart da ke bakin teku. Babanta Mongi kuwa, wanda ya tsufa yana aikin ceton masu iyo a wurin, sai ya wuni a tsohuwar kujerarsa yana kallon kwamin.

"Baiwar Allah, ta ina ake hawa rufin nan?"

Ta ɗago kai. Wani dogo ne da waya naɗe a kafaɗa, ya tsaya nesa da bakin kwamin kamar zai faɗa.

"Babu ruwa a ciki fa," ta ce a hankali.

"Na gani. Ai an ce za a zuba."

Bilgasim ke nan, mutumin Duz, can cikin sahara. Hukumar gari ce ta tashi gyara wurin, aka turo shi ya kafa farantan sola da za su riƙa ɗumama ruwan, ya haɗa tankin tara ruwan sama.

Ba ta iya magana da shi ido da ido. Sai dai ta ajiye masa shayin na'a-na'a a gindin tsani ta gudu. Wata rana ta tarar da lambar waya a ƙarƙashin kofin. Da dare ta tura masa sallama, sai ga amsarsa.

"Kifina, daga sama ina hango ki kina shara. Kwamin nan ya fi ni gata."

Ta karanta har ta haddace kafin ta rubuta, "Ɗan rairayi, ka kula da tsani, ka bar kallon mutane."

Da ya zo neman iznin Baba, tsohon tambaya ɗaya ya yi masa.

"Ka iya ruwa?"

"Sha dai, Baffa."

Baba bai yi dariya ba. "Da hannuna na sha ciro 'ya'yan mutane, wasu da rai wasu babu. 'Yata a bakin teku za ta haihu. Ranar da ɗanta ya zame, tsayawa za ka yi kana ihu? Ba na ba wanda bai iya ruwa ba."

Goggo Zuhra, ƙanwar Baba, ta samu abin da take so. "Ga ɗana Hisham nan, lambobin gasar iyo har bango ya cika. Me za a yi da mai jan raƙumi?"

Daga nan abubuwa suka yi sanyi. Aka manna sabon tayil, aka dasa itatuwa, farantan sola suka kusa cika rufi, kuma Dorra ta san ranar da aka ɗaura na ƙarshe zai koma Duz. Yanzu a makare yake zuwa aiki, idanu jajur, yana tari. Saƙonsa ya koma "lafiya lau" kawai. Ko kwamin da take sharewa an hana ta shiga. Ta koma zaman taga.

"An ce kullum da safe yana bakin teku," in ji Goggo. "Oho, wa ya san wadda yake jira."

Dorra ta wuni ba ta ci komai ba. Da yamma ta rubuta, "In ka gaji da ni ka faɗa min."

"Kifina, gajiya kam na gaji, amma ba da ke ba. Ki ƙara haƙuri."

Washegari ta fita shanya, sai ta ga tsohon jan wandon iyon Baba a kan igiya yana ɗiga. Wandon da rabonsa da fitowa daga akwati tun rasuwar Mama. Ta taɓa shi ta kai yatsa baki. Gishiri. Ta leƙa ɗaki, ga Baba yana shan kwano na biyu na lablabi, wato romon wake, gashinsa a jiƙe. Ashe shi ne ke koya wa Bilgasim iyo a teku. Ta koma bayan ƙofa ta toshe bakinta, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

Ranar buɗe wurin, unguwa ta cika maƙil. Kafin yara su faɗa, Baba ya busa usur ɗinsa.

"Kowa ya dakata. Kai, ɗan Duz, shiga."

Bilgasim ya yi bismillah ya faɗa. Iyon kam babu kyan gani, yana dukan ruwa kamar mai faɗa da shi, yara na ta sheƙa dariya. Baba na biye da shi a gefe da doguwar sandar ceto yana tsawa, "Rufe bakinka, za ka shanye mana ruwan gari!"

Da hannunsa ya taɓa ɗaya bangon, Baba ya durƙusa ya jawo shi da kansa.

"Iyon banza," ya ce. "Amma ba ka nutse ba. Turo manyanka."

A filin gefen kwamin aka yi bikin, mutanen Duz suka zo da dabino buhu-buhu, har Goggo Zuhra ta rangaɗa guɗa. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Koya musu ruwa kuwa ni zan yi, kada ubansu ya lalata su."