Jitar da Fa'izu Ya Daina Ji

"Don Allah karɓi abinka," in ji Falta, tana zare iyafis daga kunnenta. "Minti huɗu ke nan ba wanda ya buɗe baki ya ce uffan. Wannan ce waƙar da ka dame ni da labarinta?"

Fa'izu ya yi murmushi. "Haƙuri kaɗan, rabin raina. Yanzu jitar za ta shigo."

"Ta shigo ta same ka. Na bar tukunya a wuta na fito, kai kuma ka zo zance da kiɗan Turawa."

Suna zaune ne a kan tabarma, ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidan su Falta, a wani ƙauye da ke gefen Tsanyawa. An riga an kai sadaki, an sa biki bayan kaka. Fa'izu malamin firamare ne a Kunci, kuma tun yana karatu a Kano ya kamu da son wannan waƙa. Waƙar Turawa ce da ake kira rok, irin mai tsawo, minti goma sha uku, wadda take sauya salo kamar hanyar ƙauye, ta miƙe, ta karkace, ta ɓulla inda ba ka zata ba.

"Akwai abin da nake so in faɗa miki a kanta," ya ce a hankali. "Sai kin ji wurin za ki gane."

"Ba na ji. In ta fi ni daɗin murya, ka je ka auri jitar."

Ta miƙe ta shige gida tana murguɗa baki. Wasa ne rabin fushin, ta san jibi zai dawo su shirya.

Bai dawo ba. Lokacin bazara ne, zafi ya kai zafi, sanƙarau ya shigo garuruwan. Kwana biyu bayan zancen nan aka ɗauki Fa'izu ranga-ranga zuwa asibiti a Kano, wuyansa a sandare. Ya yi mako uku bai san inda kansa yake ba. Falta ta rame ta lalace, ba ta da aiki sai addu'a.

Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ya farfaɗo ba ya ji. Likitoci suka ce kunnuwan biyu sun tafi, sai dai haƙuri.

Ranar da labarin ya iso, Falta ta zauna a bakin murhu har wutar ta mutu. Abu ɗaya ne ke cin ranta: maganar ƙarshe da ya ji daga bakinta a duniya, gatse ce.

Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka. Fa'izu ya koma gida amma ya ƙi yarda ta zo gaishe shi. Ana cikin noman farko sai ga kawunsa, Malam Nababa, ya yi sallama da mahaifinta, Baba Jaji. Sun daɗe a zaure. Da baƙon ya tafi, Baba Jaji ya shigo da ambulan a hannu, ya zauna a kan turmi.

"Falta, yaron nan ya ce ya janye. Ya ce ba zai ɗaure ki da lalurarsa ba."

"Baba, ni ban janye ba."

Inna Hure, mahaifiyarta, ta ajiye ƙwaryar da take tankaɗe a ciki. "Ke yarinya ce. Aure ba kwana ɗaya ba ne. Yaron kirki ne, na sani, ni ma na yi masa kuka. Amma aikin koyarwar ma ya tsaya. In ciwo ya kama ki kika kira shi, wa zai ji? In ɗanki ya yi kuka a ɗaki fa?"

"Inna..."

"Ke kaɗai gare ni mace. Ba zan iya kallon ki kina magana da bango har tsufanki ba."

Falta ta sunkuyar da kai. Ta san ba ƙiyayya ce ta sa Inna faɗin haka ba, shi ya sa maganar ta fi yi mata ciwo.

Baba Jaji ya miƙa mata ambulan. A ciki akwai ɗan memori na waya da takarda mai layi uku: "Ba shi da amfani a wurina yanzu. In kin ga dama ki ji. Ki yafe min."

Ta yi kwana shida ba ta taɓa memorin ba. A na bakwai, bayan ta kai wa Baba abinci gona, ta zauna a gindin wata tsamiya da ke kan iyaka, ta sa memorin a wayarta.

Kiɗan ya fara a sanyaye kamar dā. Wannan karon ta daure. Wani namiji ya rera 'yan baituka da Turancin da ba ta kama ba, ganguna suka yi sauri, suka lafa, komai ya yi tsit.

Sai jitar ta shigo.

Da sauti ɗaya ta fara, siriri, ta ja shi ta ja shi har Falta ta riƙe numfashi. Can ƙarshensa ya ɗan yi rawa, kamar muryar macen da ke danne kuka a gaban surukai. Ta hau sama a hankali, ta kai wani wuri ta kasa, ta gangaro. Ta sake hawa. Sau uku tana gwadawa, ganga ɗaya na biye da ita daga nesa kamar dakan maƙwabta. A na huɗu ta ƙetare, ta ɓarke da kuka sosai, kukan da ba kalma a cikinsa amma ba wanda zai ji ya tambayi ma'anarsa.

Falta ta kifa kai a gwiwa. Har aka gama ba ta ɗago ba.

Da yamma ta durƙusa a gaban iyayenta. "Baba, ina neman izini in je in gan shi sau ɗaya. In ya kore ni da bakinsa, na haƙura."

Baba Jaji ya dubi matarsa. Inna Hure ta daɗe tana kallon kumburarrun idanun 'yarta, sannan ta ja tsaki mai rauni. "Ɗauko min mayafina gobe. Ba za ki je ke kaɗai ba."

Sun same shi zaune a inuwar rumbu, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Bai san sun shigo ba sai da inuwarta ta faɗa kan ƙafarsa. Ya ɗago, ya kau da kai.

"Me ya kawo ki?" Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, don ba ya jin kansa.

Ta ciro littafin rubutu daga jaka ta rubuta: "Na ji jitar."

Ya karanta rubutun. "Har ƙarshe?"

Ta gyaɗa kai. Ta ƙara rubutawa: "Sau uku tana faɗowa. A na huɗu ta wuce."

Ya ɗora yatsa a kan layin. "Wurin nan ne... Ranar da aka binne mahaifina ban iya kuka ba, Falta. Wata biyu ƙirjina kamar an ɗora dutse. Wurin nan ne ya buɗe ni. Abin da nake so in faɗa miki ke nan ran nan."

"Ka yafe min," ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Ba ki yi min komai ba. Amma ki tafi. Ba ni da abin da zan ba ki sai shiru."

Ta rubuta da sauri har biron ya huda takarda: "Ka kalle ni ka ce ba ka so na, in tafi."

Ya kalle ta. Sai ya sa tafukansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza.

Inna Hure, da ke tsaye a bakin ƙofa tare da mahaifiyarsa, ta share ido da gefen mayafi. Da suka sauka daga mota a hanyar komawa, ta dubi 'yarta. "Wahala za ki sha," ta ce. "Amma na ga ko na hana, wata wahalar ce. Allah ya ba ki juriya."

Aka ɗaura aure bayan an kai gero rumbu. Falta ta ce ba ta son kiɗa ko kalangu ɗaya a bikin da ango ba zai ji ba. Ƙawayenta suka yi ta ƙorafi, ta yi kunnen uwar shegu da su.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Fa'izu ya koma noma, littattafan rubutu suka yi ta cika. Wata rana ta ƙone da ruwan zafi ta yi ihu, yana tsakar gida yana gyaran fartanya bai waiwayo ba. Da ya ga tabon, kwana biyu bai ci abinci ba.

Wata safiya tana shara, ta ga ya zuba mata ido.

"Falta, zo."

Ta zo ta zauna kusa da shi.

"Jitar nan tana kaina, ko sauti ɗaya bai ɓace ba, don na ji ta ya fi sau dubu. Amma muryarki..." Ya taɓa kunnensa. "Tun jiya nake nemanta. Ta fara ɓace min."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki biro, sai ta fasa. Me za ta rubuta? Ta kamo hannunsa mai kantar fartanya, ta ɗora yatsunsa a kan maƙogwaronta, ta kira sunansa.

Ya runtse ido. "Sake."

Ta sake. Ta yi ta kira, shi kuma yana cewa ta sake, har kuka ya ci ƙarfinta sunan ya daina fita. Bai ɗauke hannunsa ba.

"Wannan ma ina jin sa," ya ce.